Yaron da Bakinsa Ya Yi Nauyi: Jagora ga Iyaye a Kano kan Galahanga da Jinkirin Girma

A gidaje da yawa a birnin Kano, idan uwa ta ce hankalinta bai kwanta da ɗanta ba, ga shi an yaye shi har ya haura shekara biyu amma ko "Mama" ba ya cewa, amsar da take samu ba ta cika wuce uku ba. Ko dai surukarta ta ce nauyin baki ne na gado, ai ubansa ma sai da aka kusa kai shi makarantar allo bakinsa ya buɗe. Ko maƙwabciya ta ce maza dama ba su da saurin baki. Ko kuma wata ta sassauta murya ta ce a tashi tsaye da neman taimako, kada a je iska ce ta shafe shi. Babu mai mugun nufi a cikinsu, kuma gaskiya ne akwai yaran da bakinsu kan yi nauyi, daga baya su zo su ishi kowa da surutu. Matsalar ita ce babu wanda zai dubi yaro ɗan wata 20 ya rantse cewa yana cikin waɗanda za su warware da kansu, alhali watannin da ake kwashewa ana jira su ne mafi daraja ga ƙwaƙwalwarsa. A shekara 3 ƙwaƙwalwar yaro ta kai kusan kashi 80 cikin 100 na girman ta babban mutum, a shekara 5 kuma kusan kashi 90, kuma a wannan tsakanin ne ta fi saurin ɗaukar abin da aka maimaita mata. Don haka shawarata ita ce a fara taimakon yaro tun ranar da aka fara zargi, ba sai ranar da likita ya rubuta sunan lalurar a kati ba, kuma a san cewa mafi yawan aikin a tsakar gida ake yin sa.

Abu biyu ne ake yawan cuɗawa. Jinkirin girma shi ne yaro ya makara wajen kai matakin da sa'o'insa suka kai, a zama ko rarrafe ko tafiya ko magana ko fahimta, kuma a ƙasarmu sababinsa sau da yawa sananne ne: doguwar naƙuda da ta sa jariri bai yi kuka da wuri ba, shawarar jarirai da aka bari ta tsananta ana ta shanya yaro a hantsi, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, tamowa, da raunin ji. Galahanga kuwa, wadda likitoci ke kira otizim, bambanci ce a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu, tana bayyana a mu'amala da mutane, da isar da saƙo, da son maimaita abu ɗaya, da yadda yaro ke jin ƙara ko haske ko taɓi. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya siffanta ta a 1943 bayan ya lura da yara 11, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 ke da ita, maza sun fi yawa. Gado na da babban hannu a ciki, ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma laifin uwa ba. Yaro ɗaya na iya haɗa lalurorin biyu, kuma matakan farko na taimako kusan iri ɗaya ne.

Mataki na farko: ku lura, ku rubuta

Alamomin da ya kamata su tayar da iyaye tsaye su ne yaro ya kai wata 9 ba ya juyowa idan an kira sunansa, ya kai wata 12 ba ya gwaranci kuma ba ya ɗaga hannu ya yi bai-bai, ya kai wata 16 babu kalma ko ɗaya, ko ya cika shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu kamar "ba ni" ko "Baba tafi". Wadda ta fi duka gaggawa ita ce yaro ya daina abin da ya riga ya iya, kamar wanda yake cewa "ruwa" da "Umma" sannan ya yi shiru.

Akwai alama guda da nake so iyaye su tsaya a kanta, domin ta fi ƙirgen kalmomi bayani. Idan jirgi ya taso daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya ratsa saman unguwa, yaro ɗan wata 18 yakan nuna shi da yatsa, sannan ya juyo ya dubi fuskar uwarsa ya ga ko ita ma ta gani. Ba jirgin yake so a ba shi ba, so yake a yi tarayya da shi a abin da ya burge shi. Yaron da bakinsa ne kawai ya yi nauyi yana yin wannan, yana kawo miki murfin kwano ya nuna miki, yana kwaikwayon yadda babansa ke ruku'u. Mai galahanga kuwa yakan kama hannunki ya ja ki har gaban randa ya ɗora shi a kan murfi ba tare da ya dubi idonki ba, ko ya zauna yana jera takalma a layi, ya fusata idan an gusar da ɗaya.

Ku sayi ƙaramin littafin rubutu, ku riƙa sa kwanan wata da abin da kuka gani, ku kuma ɗauki gajerun bidiyo a waya lokacin da ake kiran sunansa, lokacin wasa, da lokacin fushi. Yaro a ɗakin likita, bayan ya sha layi da zafi, ba ya nuna halinsa na gida, bidiyon minti ɗaya kuwa ya fi dogon bayani.

Mataki na biyu: asibiti, kuma a fara da kunne

A nemi ganin likitan yara. A Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, mai sassan yara, da kunne da hanci da maƙogwaro, da lafiyar ƙwaƙwalwa, da gashi, wato motsa gaɓoɓi. Akwai Asibitin Murtala Muhammad, da Asibitin Yara na Hasiya Bayero, da na Khalifa Isyaku Rabiu a titin Gidan Zoo. A tafi da katin rigakafi da littafin nan, kuma wadda ta san labarin haihuwar ta kasance a wurin, domin za a tambayi tsawon naƙuda, ko jariri ya yi kuka nan take, ko idonsa ya yi ɗorawa, ko ya taɓa jijjiga. Akwai takardar tantancewa mai tambayoyi 20 da ake kira M-CHAT-R, wadda aka tsara don yara 'yan wata 16 zuwa 30. Ba ita ke yanke hukunci ba, tana dai nuna wanda ke buƙatar ƙarin bincike.

Ku dage a auna jinsa. Iyaye kan ce ai yana ji, da an kunna talabijin yake rugowa, amma jin ƙara daban, rarrabe sautukan magana daban, kuma akwai na'urar da ke auna ji ko yaro yana barci. A duba ƙarancin jini, a faɗa wa likita idan yaro kan ƙame yana kallon wuri ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi, domin yana iya zama wani nau'in farfaɗiya. A daina sa wa jarirai kwallin dutse, saboda yana iya ƙunsar dalma, gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, wadda ko kaɗan ɗinta ke dakushe ƙwaƙwalwa.

Game da rigakafi, ina so in yi magana ƙarara, don na san raɗe-raɗin da ke yawo a WhatsApp. Zancen cewa allurar ƙyanda na jawo galahanga ya samo asali ne daga wani rahoto da aka buga a Ingila a 1998, wanda mujallar da ta buga shi ta janye a 2010, aka kuma ƙwace lasisin likitan da ya jagorance shi. Wani bincike a Denmak da aka wallafa a 2019, kan yara sama da 650,000, bai sami wata alaƙa ba. Ƙyanda da sanƙarau su ne ke kurmantar da yara su taɓa musu ƙwaƙwalwa, ba rigakafinsu ba.

Mataki na uku: aikin tsakar gida

Wataƙila a ba ku ranar dawowa mai nisa, kuma masu koyar da magana ba su da yawa a garin nan. Kada wannan ya sa a naɗe hannu. A Ingila an gudanar da wani gwaji mai suna PACT kan yara 152 'yan shekara 2 zuwa 4, inda ba yaran aka fi koyarwa ba, iyayensu aka koya wa yadda za su lura da saƙon ɗansu su amsa shi. Da aka sake duba yaran bayan kimanin shekara shida, a 2016, sai aka tarar alamomin lalurar sun fi sauƙi a wurinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta tsara horo ga masu reno, zama 9 na rukuni da ziyarar gida 3, don ƙasashen da ƙwararru suka yi ƙaranci, kuma an gwada shi a Habasha. Ƙwararre zai ga yaro awa ɗaya a mako, uwa da 'yan gida kuwa suna tare da shi daga asuba har barci.

Abu na farko shi ne ki sauko ƙasa, ki zauna a tabarma fuskarki daidai da tasa, ki bi abin da yake so maimakon ki janye shi zuwa abin da kike so. Idan murfin tukunya yake juyawa, ɗauko wani murfin ki juya tare da shi, ki ce "juya", idan ya faɗi ki ce "ya faɗi". Ki rage tambayoyi irin "mene ne wannan?" da "ce Baba", domin jarrabawa ce ga wanda bai da amsa. Ƙa'idar ita ce ki ɗara shi da kalma ɗaya: idan ba ya magana, ki yi masa kalma ɗaiɗai, idan yana faɗin ɗaya, ki mayar masa da biyu, ya ce "ruwa", ki ce "sha ruwa".

Abu na biyu, wanda ya fi wa iyaye wuya, shi ne jira. A gidanmu na Hausa tausayi kan sa a riga yaro buƙatarsa: kafin ya motsa, kaka ta miƙa masa ƙosai, yayarsa ta ɗauko masa kofi, har ya wayi gari ba shi da dalilin neman komai a wurin kowa. Na ga yadda wata uwa a unguwarmu ta sauya wannan da karin kumallo kawai. Maimakon ta zube wa ɗanta ƙosai biyar a faranti, sai ta gutsura kaɗan ta ba shi, ta riƙe sauran kusa da fuskarta, ta yi shiru tana ƙirga goma a zuciyarta. Ranar farko kuka ya yi, Hajiyar gidan ta ce, "Haba 'yar nan, ki ba shi mana, ba ki ga yunwa yake ji ba?" Ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, yanzu zan ba shi." Da ya ɗago ido ya dube ta, ko na ƙiftawa ne, sai ta ce "ƙosai" ta miƙa masa nan take. Bayan makonni kallon ya zama miƙa hannu, miƙa hannun ya zo da wani sauti mai kama da "sai". A ƙosai biyar ta samar masa damar neman abu kusan sau ashirin kowace safiya. A lura, ba a hana yaro abinci don ya yi magana. Duk ƙoƙarin da ya yi, kallo ne ko nuni ko sauti, a karɓa a saka masa a take.

Haka za a yi da wanka, a zuba ruwa a tsaya a jira ya nemi ƙari. Haka da cakulkuli, da lilo a zane, da wasan rufe fuska da mayafi. Minti 10 zuwa 15 sau da yawa a yini ya fi awa guda ta tilas. A nan yawan gidanmu ni'ima ce: a koya wa yayye yadda za su gangara masa ƙwallo su jira ya maido, a ba uba nasa lokacin bayan magariba, a nuna wa kaka dabarar jira, domin idan ta gamsu ita ce za ta fi kowa tsare ta.

A yi masa magana da Hausar da ake yi a gida. Jin harshe biyu ba ya jawo galahanga ko hana magana, kuma komawa Turancin da uwa ba ta sake da shi ba rage wa yaro kalmomi yake yi. Waya kuma a janye ta sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Ba wai waya ce ke haifar da galahanga ba, amma tana cinye lokacin da fuskar mutum ya kamata ta cika.

Mataki na huɗu: a ba shi hanyar faɗin buƙatarsa

Idan magana ta yi jinkiri, a ɗauki hoton kofinsa, da fo ɗinsa, da abincin da yake so, da ƙofar gida, a wanke su a shagon hoto, a sa musu leda, a manna inda hannunsa zai kai. A koya masa ya miƙo hoton kofi a ba shi ruwa, mutum ɗaya na gabansa, wani na bayansa yana taimaka wa hannunsa, ana rage taimakon a hankali. Masu tsoron kada hoto ko alamar hannu su sa yaro ya ƙi magana su kwantar da hankalinsu, bincike bai nuna haka ba.

Mataki na biyar: fushi, birgima da tsaro

Yawancin abin da ake kira taurin kai saƙo ne da bai sami hanyar fita ba. Duk lokacin da ya yi birgima ko ya buga kansa, a rubuta abu uku: me ya faru gabanin haka, me ya yi, me aka yi masa bayan nan. Cikin mako biyu za a ga zaren. Wani ƙarar injin markaɗe ko janareta ce ke sukar kunnensa, wani cunkoson gidan biki ne, wani ciwon haƙori ko taurin bayan gida ne da ba zai iya faɗa ba, wani kuma ya gane cewa da ya yi ihu ake miƙo masa waya. Kowanne da maganinsa: a nisanta shi daga ƙarar, a kai shi asibiti, ko a koya masa neman abin ta hanyar da ta dace. Duka ba ya koya masa komai sai tsoro.

Waɗannan yara suna samun natsuwa idan yini na da tsari, kuma lokutan salla sun riga sun ba mu tsari: wanka bayan asuba, barci bayan azahar, fita bayan la'asar. A sanar da shi kafin a sauya abu. Aski da yankan farce a yi su kaɗan-kaɗan a gida, a fara da ya riƙe abin askin a kashe. Sabon abinci a ajiye ɗan kaɗan gefen wanda ya saba, ba tare da ɗura ba.

Sai batun da ba na so a ɗauka da wasa. Yara masu galahanga da yawa kan sulale su fice, kuma ruwa na jan su. A yi wa rijiya murfi mai kwaɗo, a sa sakata a sama inda ba zai kai ba, a sanar da mai shagon bakin layi da masu zaman dakali cewa idan sun gan shi shi kaɗai su riƙe shi, musamman a unguwannin da ke kusa da kududdufi ko babban titi.

Mataki na shida: zaɓen ƙwararru, da abin da za a guje wa

Mai koyar da magana yana aiki kan fahimta da furuci, likitan gashi yana taimakon wanda bai riƙe wuya ko bai zauna ko bai yi tafiya ba, mai koyar da ayyukan hannu kuma yana kula da cin abinci da sa kaya da riƙe alƙalami. Masu koyar da ɗabi'a suna rarraba kowace fasaha gida-gida, su saka wa yaro a kan kowane ci gaba. Kafin ku biya kuɗi a kowace cibiya, ku tambayi inda ma'aikatanta suka yi karatu, ku nemi a rubuta muku burin da za a cim ma cikin wata uku, ku ga ko za a bar ku ku zauna ku kalla, a kuma ba ku aikin gida. Wurin da ake karɓar yaro a rufe ƙofa a ce uwa ta dawo da azahar, ko aka yi alƙawarin warkewa cikin kwana kaza, ku riƙe kuɗinku. Babu ƙwaya ko allura ko jiƙo da ke kawar da galahanga. Magungunan da likita kan rubuta na farfaɗiya ne, ko rashin barci, ko tsananin fushi mai cutarwa.

Addu'a da tofi ba su saɓa wa ko ɗaya daga cikin matakan nan ba, kuma iyaye na buƙatar ƙarfin zuciyar da suke samu a ciki. Abin da nake roƙo a bari shi ne duk abin da zai taɓa jikin yaro da cuta: cire beli ko yanka ƙarƙashin harshe a wurin wanzami don baki ya buɗe, tsaga, turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, ɗauri da mari, ko dukan yaro da sunan korar aljani.

Mataki na bakwai: makaranta, dangi, da duba ci gaba

Kada a ɓoye yaro a ɗaki don kunyar baƙi. A nemi makarantar reno mai ƙarancin yara a aji, a zauna da malamar a gaya mata gaskiya, a fara da awa ɗaya ko biyu, haka ma islamiyya. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi. Jami'ar Bayero na da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, akwai kuma makarantar Tudun Maliki ga waɗanda aka tarar matsalarsu ta ji ce ko gani. Idan akwai ƙani ko ƙanwa, a sa ido a kan girmansu tun da wuri, domin bincike ya nuna kusan ɗaya cikin biyar na ƙannen masu galahanga kan zo da ita.

Ga maigida kuma, rakiyarka zuwa asibiti da kalma ɗaya da za ka faɗa wa danginka cewa ba laifin matarka ba ne suna sauke mata nauyin da ba ka gani. A samar mata wanda zai karɓe ta ko na awa biyu a mako ta yi barci ko ta je gidansu.

Yara ba sa tafiya da gudu ɗaya. Wani zai yi magana ya shiga aji da sa'o'insa, wani zai dogara da hotuna ko alamun hannu, ya buƙaci taimako har girmansa, kuma shi ma koyon shiga banɗaki da kansa ko faɗin inda ke masa ciwo babbar nasara ce. Wanda ɗansa ya riga ya haura shekara 5 ma ya fara yau, domin koyo bai tsaya ba. Ku zaɓi buri biyu ko uku kacal, kamar ya juyo idan an kira shi, ya nuna abin da yake so, ya sha ruwa da kofi shi kaɗai, ku rubuta su a shafin farko da kwanan wata. Bayan wata uku ku sake ɗaukar bidiyo a wurin da kuka ɗauki na farko, ku kalle su a jere, sannan ku koma wurin likita da littafin a hannu, a sauya burin da aka cim ma, a sake dabara a kan wanda ya tsaya.